Ramar da Na Jiƙa a Tafkin Maje

Kun taso kuna jin ana cewa baffanku Sahabi ne ya kashe kifin Tafkin Maje a shekarar fari. Na san wasunku sun maimaita maganar da bakinsu, don ina daga cikin gida na ji Ummaru yana ba wani baƙo labarin a zaure, har da ƙarin gishiri. Ban ce uffan ba a ranar, kamar yadda na daɗe ban ce ba. To yanzu ƙafa ta ƙi, ido ya rage, kunne kaɗai ya tsaya mini da ƙarfinsa, gara in ajiye muku maganar nan yadda take tun ban tafi da ita ba. Sahabi bai kashe kifin nan ba. Hannuna ne ya jawo, kuma babanku ya san haka tun ranar da abin ya faru.

Daga Bodinga aka kawo ni gidan nan, daga gidan malamin allo, ban san komai na ruwa ba sai na randa. Gidanmu kuwa shi ne na ƙarshe a gari, dangarmu ta baya tana kallon tafki, in na tsaya wajen murhu ina jin tsalle ɗaya na kifi. Babanku shi ne Sarkin Ruwa, ya gada daga mahaifinsa. Aikinsa shi ne da zarar ruwan damina ya janye ya bar tafki shi kaɗai, sai ya ɗaure shi: ba homa, ba ƙugiya, ba mai taɓa ko ɗan kifi ɗaya har sai bazara ta kankama an sa ranar su, wato ranar kamun kifi na taro. Ranar nan mutane ke zuwa daga Horo Birni da Mandera da ko'ina, a faɗa ruwa gaba ɗaya, kowane gida ya sami na miya da na bandawa. Kakarku Inna, uwar babanku, ita ta karanta mini dokokin tun ina amarya, tana kaɗa auduga ba ta ko dube ni ba.

"Ɗiyar malam, tahkin ga ba a jiƙa rama cikinai, ba a zuba mai ruwan kalwa. Mutanen ɓoye ba su son wari. Kin dai ji."

Na ce na ji. A zuciyata kuwa dariya na yi, don a gidanmu an koya mana irin wannan magana camfi ce. Ban tambayi babanku ba, shi ma bai taɓa zaunar da ni ya gaya mini dalilin ba. Shi mutum ne mai ƙarancin magana, in ya ce maka kalma goma a wuni to an yi hira. Ƙanensa Sahabi shi ya kwashe surutun gidan duka. Ɗakinsa da na matarsa na cikin gidanmu, tukunya ɗaya muke ci. Ba ya wuce ni bai tsokane ni ba, ya ce tuwona in aka jefi kare da shi sai an biya diyya, ni kuma in ce masa mai warin albasa, ko sauro ba ya kusantarsa. Noman albasa yake yi a fadama gefen tafki, kuma shi ne na farko a garinmu da ya sami famfon feshi daga malaman gona, irin wanda ake goyawa a baya. Yana ji da famfon nan kamar ɗa. Inna takan ce da ana aurar da famfo da tuni Sahabi ya kai goro.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda soja suka karɓi mulki daga farar hula. Tun kafin nan abubuwa sun tsuke, sabulu ya zama abin ɓoyo, gishiri ma sai an yi dabara. Sannan ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Abin da muka girbe a gonarmu ta tudu bai cika rabin rumbu ba, wasu ma ko dami biyar ba su ɗaure ba. Samari suka watse cin rani. Tuwo ya koma sau ɗaya a wuni, sauran lokaci kwaɗon tafasa da garin rogo. Abin da ke riƙe da zukatan mutane shi ne tafki. Ya ragu ƙwarai, bai kai rabin inda ya saba ba, amma duk kifin ya taru a ɗan abin da ya rage, in rana ta yi sai ka ga bayansu baƙi ƙirin. Kowa ya wuce sai ya ce, bari dai a kai ranar su. Mata suna lissafin wa za su aika wa da bandar kifi a musanya musu da dawa. Kifi na cikin ruwa, an riga an gama rabonsa a baki.

Ni kuwa sana'ata tufkar igiya. Ramar da na sa aka shuka mini a gefen gona ta jure farin, aka yanko mini dami tara. Rama ba ta ba da zare sai an jiƙa ta a ruwa ta kwana goma ko fiye, ɓawonta ya ruɓe, sannan a saɓe a wanke a shanya. Kududdufin da matan gari suka saba jiƙawa ya ƙafe tun kaka, har ƙasarsa ta tsattsage. Rijiya kuwa da ƙyar take ba mu na sha. Haka dammunan suka yi wata huɗu a kan rumfa ina kallonsu, a shekarar da igiya ke da daraja, don masu albasa na nema, masu guga na nema, kuma igiya biyu na iya kawo tiyar dawa. Ummaru na goye a bayana, nono ya fara ja baya. Kullum in na ɗaga kai ga rama, in na leƙa danga ga ruwa.

Wata Juma'a, sanyi ya wuce zafi ya fara shigowa, maza duka suka tafi masallaci Shagari, Inna na barcin rana. Na buɗe dangar baya na jawo dammunan ɗaya bayan ɗaya har bakin ruwa, wajen da ganyen bado ya rufe. Na ɗaure su da tsumman wani tsohon zanena mai ruwan bula don kada su watse, na danna su ƙasa, na aza musu duwatsu da laka. Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Abin da na ce wa raina shi ne, tafki guda ne, dami tara me za su yi masa, mutanen ɓoye kuma in suna nan su yi haƙuri, mu ma haƙurin muke yi.

Ashe maƙwabciyarmu, wadda muke kira 'Yar Mandera, tana kallona ta ramin dangarta. Da yamma ta shigo aron maburgi, ta tsaya tana murmushi, ta ce ashe Sarkin Ruwa ya sassauta doka bana. Da na ce mata a'a, ni kaɗai na yi gabana, wataƙila da abin ya tsaya nan. Sai na ji kunya, na ce mata ai shekara ce ta lalura. Ita ta ɗauki wannan a matsayin izini daga gidan sarauta. Ta gaya wa ɗaya, ɗaya ta gaya wa ɗaya. Juma'a ta zagayo, ina tsakar gida ina jin sawun mata a bayan danga, ana jan kara a ƙasa, ana raɗa ana dariya ƙasa-ƙasa. Gida shida na ƙirga da kunne. Dammuna nawa suka shiga ban sani ba, na dai san nawa su ne mafi ƙanƙanta a ciki. Ban fita na hana ba. Da wane baki?

Kwana huɗu bayan wannan na fara jin abin. Na tashi sallar asuba, ina alwala a bayan ɗaki, sai na ji wani sauti daga tafki wanda ban taɓa ji ba: tsut, tsut, tsut, ba iyaka, kamar an tara jarirai ɗari suna tsotso. Da gari ya ɗan waye na leƙa. Fuskar ruwan duka bakuna ne. Kifi ya taso sama, kowanne ya kafa baki a daidai inda ruwa ya haɗu da sarari yana buɗewa yana rufewa. Na saba ganin karfasa suna tafiya ayari guda, in ɗaya ta juya duka su juya kamar an ja su da zare. Ran nan babu ayari. Kowacce ta fuskanci inda ta ga dama, suna karo da juna ba mai kulawa. Mazan karfasa da ke haƙa ɗan gurbi a gefe suna korar duk wanda ya matso, masu faɗa kamar zakaru, sun bar gurabunsu sun taso cikin taro, jan da ke wuyansu ya koɗe. Na ga ƙananan kifi a jikin wani babban giwan ruwa, wanda a da ko inuwarsa suka gani sai su tarwatse, ga su gefen bakinsa, shi bai kama ba, su ba su gudu ba. Zalɓe ya sauko yana tsinta kamar mai tsintar gyaɗa, yana ɗauke na kusa da su suna kallo.

Da hantsi ya ɗaga, rana ta bugi ruwa, sai suka nutse, tafki ya koma kamar ba abin da ya faru. Na ce to, alhamdu lillahi, wucewa ya yi. Washegari da asuba sautin ya dawo, ya fi na jiya.

Babanku ya gani tun ranar farko. Ya dawo daga bakin ruwa ya zauna bai taɓa kununsa ba. Inna ta tambaye shi, ya ce ruwa ne numfashinsa ya ƙare. A ranar na fara jin cewa ruwa ma yana da numfashi, shi kifi ke zuƙa ta ƙarƙashin kunnuwansa, kuma da rana ciyawar ruwa ke ƙara shi, kafin asuba ya ragu. Ya ce in ruwa ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa, kifi ya cunkushe, haka kan faru, amma bai taɓa ganin ya zo da wuri haka ba. Jikata da ta yi karatun asibiti ta ce mini sunan abin oksijin. Shi dai numfashi ya ce, kuma na fi gane nasa. Ya tafi wajen mai gari ya roƙi a buɗe tafki a cikin kwana biyu, a kwashe kifin tun yana da rai. Dattawa suka ƙi. Suka ce an riga an aika wa garuruwa da rana, saura mako uku, 'yan cin rani ba su dawo ba, in aka yi kamun ba sa nan za a ce an ci amanarsu. Ya dawo ya ce sun ƙi, ya ɗauki carbinsa.

Ni fa har lokacin ban haɗa wannan da ramata ba, ko kuma in ce ban yarda in haɗa ba. A asuba ta uku na ga abin da har yau yake zo mini. Kun san uwar karfasa a baki take goyon 'ya'yanta, in ta ga haɗari ta buɗe su shige. Wata ta taso dab da dangarmu, kumatunta cike, tana ta fama. Sai ta buɗe baki ta tofar da su duka, 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar gero. Suka bi ta suna neman komawa, ta kau da kai ta kafa bakinta sama. Na tsaya da buta a hannu, Ummaru na bayana yana neman nono. A watan nan na san gidajen da aka daina kiran yaran maƙwabta in an sauke tukunya, mu ma mun fara cin namu a ɗaki. Ban ga laifin kifin nan ba.

Da na juyo, Inna na tsaye a ƙofar ɗakinta tana shaƙar iska. Ruwan ya fara canja kala, ya yi baƙi-baƙi kamar jiƙon kanwa, kuma wani wari na tasowa daga wajen bado.

"Warin ga na san shi," in ji ta. Ta dube ni, ta dubi rumfa inda dammuna suke a da. "Ɗiyar malam, ina ramarki?"

Na ce na sayar. Ta ce Allah shi sa albarka, ta koma ɗaki. A wunin nan na yi niyyar in je in janye nawa, amma maza na bakin tafki tun safe har magariba suna kallon kifi, ba halin fita. Wunin kuma ya zo da wani irin lullumi, gajimare ya rufe rana ba ruwa, ganye ko motsi ba ya yi. Kifi bai nutse da hantsi ba kamar yadda ya saba. Har la'asar ina jin tsut, tsut.

Asuba ta huɗu ban ji komai ba. Shirun ne ya gaya mini tun ban leƙa ba. Tafki ya yi fari fat da cikin kifi. Manya su suka fara tafiya, giwan ruwa irin wanda sai mutum biyu ke ɗauka, ga su a kife, baki a wangame, kunnuwa a buɗe. Gari duka ya fito. Mutane suka faɗa ruwa ba wanda ya jira izini, ana kwasa da ƙwarya da zane da hula. Ana cikin haka wani ya ɗaga murya ya ce kada kowa ya ci, wannan aikin guba ne, shekaranjiya ya ga Sahabi a bakin tafki da famfonsa. Wani ya ce shi ma ya gani. Nan take aka fara zubar da abin da aka kwasa. Kifin da zai ciyar da gari wata biyu, wanda da an yanka an banda a ranar lafiyarsa lau, aka haƙa rami aka binne, saura shirwa da karnuka suka yi ta ja. Ina jin kukan mata daga cikin gida, har da muryar 'Yar Mandera, kuma tata ta fi ta kowa.

Babanku bai shigo ba sai bayan azahar, wandonsa jiƙe da laka har ƙugu. Ya same ni a ɗaki, ya saki labule. Ya buɗe hannunsa, ga tsumman zanena mai ruwan bula. Bai ɗaga murya ba. Ya ce tun da safe ya san ba guba ba ce, don guba ba ta zaɓe, tana kashe tarwaɗa da kwaɗi da komai, kuma ba ta jiran asuba. Ga tarwaɗa nan da ransu suna tasowa suna haɗiyar iska, ga kwaɗi na kuka. Ya ce abu mai ruɓa ne ya shanye numfashin ruwan, shi ya sa ya bi wari har ƙafarsa ta taka. Ya ce don haka kakanni suka hana, suka ce mutanen ɓoye don mata da yara su ji tsoro.

"Mai gari na kirana bayan la'asar," ya ce. "Kulu, mi za ni ce musu?"

Ku lura, bai ce ga abin da zai yi ba. Tambayata ya yi. Na sha juya wannan a raina, wani lokaci in ce ya ɗora mini kayan da ya fi ƙarfina, wani lokaci in ce darajata ya yi. Na san abin da gaskiya za ta jawo. Sarautar da ta zo daga kakansa za ta bar gidan, don ba a barin ɗaurin tafki a hannun wanda matarsa ta kwance. Ni za a mai da ni Bodinga da goyo, a ce ɗiyar malam ta kashe abincin gari. Mata shida kuma kowacce da abin da zai same ta a ɗakin mijinta. A ɗaya gefen Sahabi ne, namiji, mai baki, kowa na sonsa. Na ce a raina zai kare kansa, za a yi surutu kwana biyu a manta. Na kama ƙafar babanku na ce ya rufa mini asiri don Allah, don Ummaru.

Ya sa tsumman a murhu ya fita.

Abin da ya faru a ƙofar mai gari a bakin mutane na ji. An tambayi Sahabi ko ya je tafki da famfo, ya ce ya je. Aka juya ga babanku, aka ce kai ne Sarkin Ruwa, kai ka san kifi, guba ce ko ba guba ba? Ya ce Allah ne masani. Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma kowa ya fassara shi da cewa ɗan'uwa ne ba ya son ya tona ɗan'uwansa. Sahabi, mai bakin nan, bai ƙara kalma ba. Kafin magariba samari sun tattake fangalinsa, albasar da saura kwana kaɗan a cire, suka farfasa famfon da tabarya suka jefo mana ta kan danga. Matan nan shida kuwa, cikin kwanakin da wari ya kori kowa daga bakin tafki, kowacce ta san yadda ta yi ta janye nata. Ni ban taɓa nawa ba, can suka ruɓe. Ba mu taɓa yin maganar da junanmu ba, ko a biki ko a makoki, har biyar suka rasu.

Ba a manta ba kamar yadda na yi zato. Yunwa ta tsananta, aka yi rashin yara a gari kafin ruwa ya sauka, kuma duk gidan da aka yi rashi sai a tuna kifin da aka binne. Aka daina amsa sallamar Sahabi. In ya shiga sahu sai na gefensa ya matsa. Ya daina tsokanata, in na ajiye masa tuwo sai ya ce an gode, kamar baƙo. Kafin damina ya ɗaure kayansa a jaki, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa biyu ya koma Dandin Mahe wajen dangin matar. Inna ta raka shi har bakin gari. Da ta dawo ta tsaya a kaina ina daka, ta ce, ɗiyar malam, ashe rama tsada gare ta bana. Ba ta sake yi mini maganar ba har ta rasu, kuma ba ta sake cin abin da na dafa da miyar kifi ba. Babanku ya ci gaba da ɗaure tafki yana buɗewa shekara ashirin da wani abu, mutane na yabonsa da gaskiya. Bai taɓa gorata mini ba. Amma duk sallah yakan shirya zai je Dandin Mahe, ya sa riga, ya kai zaure, ya dawo ya tuɓe.

Bayan na fita takabarsa na ce Ummaru ya kai ni. Kun ɗauka gaisuwa na je yi. Na sami Sahabi a kan tabarma a inuwar ɗakinsa, ya tsufa fiye da yayansa, ido ya tafi. Da ya ji muryata ya yi dariya, ya ce a ɓoye karnuka ga mai tuwon dutse ta zo. Na ce a ba mu wuri. Na zauna na gaya masa duka, tun daga Juma'ar farko har tsumman da aka sa a murhu. Duk shekarun nan ina ɗauka ya san an zalunce shi, haƙuri kawai ya yi. Na zo da shirin ya zage ni.

Bai zage ni ba. Ya ce shi fa ya ɗauraye famfon nan a bakin tafki, sau ɗaya, da ɗan ruwa a ƙoƙo, ya zubar a kan yashi. Tun ranar da kifi ya mutu bai taɓa shakkar cewa shi ne ba. Ya ce ya san sunan kowane yaro da aka rasa a garinmu a shekarar, yana ambatonsu a sujada ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Bai sake sa kifi a bakinsa ba. Ya ce abin da ya hana shi zuwa gida ba fushi ba ne, kunyar yayansa ce, mutumin da aka tambaya a gaban jama'a ya ƙi tona shi.

Sai ya juyo da fuskarsa wajen da nake.

"Yayana ya sani?"

Na ce ya sani.

"Tun yaushe?"

Na ce tun kafin a kira shi ƙofar mai gari.

Ya shafa tabarma da tafin hannunsa, ya sake shafawa, kamar mai neman abin da ya faɗi. Na ce ya yafe mini, ni na roƙi babanku, laifin nawa ne.

"Ke na yahe miki, Kulu, yunwa ta," ya ce. "Amma da kin bar ni yadda kinka ishe ni. Jiya ina da laihi, ina da ɗan'uwa. Shi kau, ki bar ni in yi tunani tukuna."

Na kwana biyu a gidan bai sake ɗaga maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Da kaka aka aiko ya rasu. Na tambayi matarsa ko ya bar wani saƙo game da yayansa, ta ce ba ta ji ba, sai dai a 'yan watannin nan ya daina doguwar sujadar da ya saba, kuma ba ya son a ambaci garinmu.

Har yau ban san ko daidai na yi da na gaya masa ba. Abin da na sani shi ne 'ya'yansa da jikokinsa ba su ji ba, kuma a garin nan akwai masu kiransu da sunan da ba nasu ba. Ummaru, kai ne babba, kuma kai na goya na fake da kai. Ka ɗauki ƙannenka ku je Dandin Mahe ku karanta musu wannan da na sa aka rubuta, sannan ka dawo ka faɗe shi a ƙofar masallaci ranar Juma'a, da sunana, tun ina raye a zo a same ni a ɗaki. Matan nan shida ku bar su, ni na buɗe musu hanya. Babanku kuwa ku yi masa addu'a ku ƙara, don wanda zai yafe masa ya ce a bar shi ya yi tunani, kuma bai dawo mini da amsa ba.